Katifar Bango a Soron Alhaji Mudi

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba Hajiya Asabe ta shigo shagonmu na Ƙofar Ruwa, direbanta na biye da ita rungume da bandir na shadda. Na riƙe lokacin ne don a daidai nan na ɗaga kai na duba agogon bango, ina shirin roƙon Kawu ya sallame ni in je in yi bitar jarrabawa. Shaddar ruwan toka ce, an sa mata sitaci, an kai ta wajen masu bugu sun daka ta har tana ɗaukar ido. Hajiya ta sa aka ajiye ta a kan teburin yanka, ta ce, “Da wannan za ku rufe allunan Baba.” Daga nan aikin ya fara karkacewa, mu kuwa muka ce mata mun gode.

Saboda ku nake rubuta wannan, ƙannena da kuka zo koyon aiki a hutun nan. Kun kalli bidiyo a waya, wani Bature ya haɗa allo yana murmushi ko gumi bai yi ba, kuka iso kuna cewa ai katako huɗu ne da auduga da ƙyalle. Gaskiyarku, kayan ke nan. Tuwo ma gari ne da ruwa, amma na ga abin da wasunku suka tuƙa ranar da muka yi girki a shago.

Ga wanda bai san aikin ba, abin a taƙaice shi ne: ɗaki mai bangon siminti da tayil yana mayar da magana. Ka faɗi kalma, ta bugi bango ta dawo ta ci karo da wadda ke bin ta, sai kunne ya ji hayaniya maimakon zance. Allonmu firam ne na katako, cikinsa auduga, fuskarsa ƙyalle. Sauti ya shiga cikin audugar ya gaji, bai dawo ba. Masu sutudiyo suna da sunan Turanci da suke kiransa da shi. Kawu Sabo, wanda ya koya mini, bai taɓa kiransa da komai ba sai katifar bango.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma asalinsa mai katifa ne, irin ta audugar rimi da ake ɗinkewa da basilla. Da katifar soso ta cika gari, aikinsa ya koma matashin kai da gyaran tsofaffin kujeru. Wata rana wani saurayi mai ɗaukar waƙa ya nuna masa hoto a waya, ya tambaye shi ko zai iya yin irinsa. Kawu ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, “Wannan ai katifa ce aka rataye.” Ya yi masa, saurayin ya ji daɗi, ya kawo abokansa.

Ni kuwa ba aiki na zo nema ba. Gidanmu na Dukawuya cike yake da yara, ina sakandare, ina neman inda zan buɗe littafi ba wanda ya hau mini baya. Sai na gano ɗakin ajiyar auduga da ke bayan shagon Kawu. Buhuna ne jere har rufi, kana shiga ka ji kamar wani ya rufe maka kunnuwa da tafin hannunsa. Nakan zauna a kan buhu in yi ta karatu. Kawu ya ƙyale ni na ɗan lokaci, sannan ya leƙo ya ce, “Malama Safiya, buhun nan da kike zaune a kai ba na gwamnati ba ne. Haya za ki biya ko aiki za ki yi?” Na zaɓi aiki. Tun ranar yake kirana Malama, kuma ba don girmamawa ba ne.

Shekarata ta farko ban taɓa katako ba. Shiɓa na yi. Audugar rimi tana zuwa ne a dunƙule da ƙwayoyinta, sai ka zauna da bakan shiɓa kana kaɗa tsirkiyar a cikinta har ta warware ta tashi kamar kumfa. In ba ka ɗaure hanci da ƙyalle ba, za ka kwana kana atishawa. Ƙwayoyin kuma sai an tsince su tas, don duk wadda ka bari a cikin allo gayyata ce ka aika wa ɓera. Ku da kuka yi shiɓar rabin wuni kuka ce kafaɗa ta riƙe, ku sani kallo kawai na yi.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, ƙaramar guduma, ƙananan ƙusoshi, tef ɗin awo, basilla, da almakashin da Kawu ya haramta a yanka ko takarda da shi. Akwai kuma madubin wani tsohon babur, wanda za ku ji amfaninsa nan gaba. Inda hannu yake bambanta da hannu shi ne wajen cikawa. Ka danne auduga da yawa, ka yi bango na biyu, sauti ya buge shi ya dawo. Ka bar ta sakaka, bayan wata guda ta zazzago ƙasa, saman allon ya zama fanko. Kawu yakan bi allon da basilla yana ɗaure shi jefi-jefi kamar yadda ake yi wa katifa, don audugar ta tsaya inda aka sa ta. Wannan ba ya cikin bidiyon da kuka gani. Ƙyalle kuwa, kafin mu saya sai mun kara shi a baki mun hura. In numfashi ya wuce, sauti zai wuce. Shi ya sa muke amfani da akoko, farin ƙyallen nan mai arha, mu kai marina a rina shi kalar da mai ɗaki yake so.

Aikin farko da na fita tare da Kawu na wani ƙaramin sutudiyo ne a sama da shagon tela. Mai wurin yana so a jera allunan a tsakiyar bango, a daidaita su kamar hotunan biki. Kawu ya zaunar da shi a kujerar da yake sauraro, ya ba ni madubin babur ya ce in riƙa jan shi a jikin bango. “Duk inda ka hango lasifikarka a madubi, ka ce a tsaya.” Ya ce a tsaya, na sa alli na yi alama. Nan sauti yake fara dukan bango kafin ya iso kunne, nan allo zai zauna, ko ya yi kyau a ido ko bai yi ba. Mai wurin ya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kawu ya ce, “Da ido kake sayar da waƙa?”

Wani mai sayar da taya kuma ya taɓa zuwa ya ce a cika masa ɗakin kwana da allo, janaretan maƙwabcinsa ya hana shi barci. Kawu ya yi masa bayani cewa allo ba ya tare ƙarar waje, abin da ke cikin ɗaki yake gyarawa. Mutumin ya ce to a ninka kaurin. Kawu ya ce ko an ninka, iyakacin abin da zai samu shi ne ya ji janaretan tas, ba amsa-kuwwa.

“To me zan yi, Malam?”

“Ka kai wa maƙwabcin naka goro, ranka ya daɗe. Ya fi arha.”

Sai shekarar kiret ɗin ƙwai ta zo. Ban san wanda ya fara yaɗa maganar ba, amma cikin ɗan lokaci duk wani mai makirfo a birnin nan ya yarda cewa in ka manna kiret ɗin ƙwai a bango ka gama. Masu ƙwai suka fara ɓoye kiret. Ka shiga sutudiyo ka ji warin akurki, kyankyasai na leƙowa daga ramukan, amsa-kuwwar kuma tana nan inda take, sai dai mai wurin ya rantse maka ta tafi. A shekarar ne kuma katako ya yi tsada. Muka wuni muna kallon titi. Wani mai sayar da makullan ƙofa ya fara zuwa gaishe da Kawu, yana gaisuwar yana auna faɗin shagon da ido. Kawu ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: akwai aiki ɗaya a hannu, na gidan Alhaji Mudi a Ƙofar Na'isa. In ya yi kyau, gida ne da manyan mutane ke shiga, za a gani a tambaya. In bai yi ba, zai ba mai makullai shagon, ya koma ɗinkin matashin kai a zauren gida, ni kuma in nemi wani buhun in zauna a kai.

Alhaji Mudi tsohon ɗan kasuwar shadda ne, ya haura tamanin. Yana da wa, Yaya Inuwa, wanda ya tafi aikin hajji tun yana saurayi ya zauna can har ya rasu. Maimakon wasiƙa, kaset yake ɗauka da muryarsa ya ba alhazai su kawo. Alhaji ya tara su a akwatin ƙarfe, kullum bayan la'asar sai ya zauna a soronsa ya sa ɗaya a rikoda. Da ya tafi umara, 'ya'yansa maza suka ce za su yi masa bazata. Suka kankare yaɓen ƙasa, suka sa siminti da tayil har rabin bango, suka rufe azara da silin mai sulɓi, suka buɗe babbar taga ta gilashi. Ya dawo ya sa musu albarka. Da la'asar ya kunna rikoda, bai gane ko kalma ɗaya ba.

Ranar da muka fara zuwa duba ɗakin, 'yarsa Hajiya Asabe ce ta kai mu, don ita ta ji labarin Kawu. Alhaji ya nuna kunnensa ya ce, “Ku daina wahalar da kanku. Wannan ne ya mutu, na riga na yi masa ta'aziyya.” Kawu ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya yi ta zagaye kamar an jefa faranti a ƙasa. Alhaji ya kunna mana kaset, muka ji murya tana yawo, ba ka san farkon kalma ba balle ƙarshenta. “Kun ji ko,” in ji shi. “Kamar daga rijiya yake magana.” Na yi awo, na ja madubi, muka koma muka haɗa firam, na cika su da hannuna.

Mun kai ga jan ƙyalle ke nan Hajiya ta shigo a waccan Larabar. Abin da ya kawo shaddar shi ne, kwana biyu kafin nan ta leƙo ta ga allo ɗaya da na ja wa akoko, ba a kai ga rina shi ba.

“Malam Sabo,” ta ce, “tsoho za ka kewaye da akoko? Ya buɗe ido ya ga kamar an fara yi masa awon likkafani?”

“Za a rina shi, Hajiya.”

“Ko an rina, akoko akoko ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da shadda a kasuwar Kwari, abokansa su zo gaisuwa su shafa bango su ji akoko, in ce musu me? Wannan daga cikin kayansa ce, wadda ya ajiye wa kansa ranar da ya bar shago. Ni na kai aka buga ta.”

Da ta fita na ɗauki bakin shaddar na kara a baki na hura. Kumatuna suka cika, ba abin da ya wuce. Na sake hurawa.

“Na gani, Malama,” in ji Kawu. “Ba sai kin suma ba.”

“To Kawu, a gaya mata mana.”

“Bi ta ki gaya mata. Motar ba ta yi nisa ba.”

Ban bi ta ba. Kawu ya zauna ya daɗe yana shafa shaddar. Ya ce a garin nan ba a mayar wa 'ya kayan da ta kawo don ta girmama mahaifinta, kuma audugar tana da kauri, wataƙila Allah ya rufa asiri. Abin da na iya yi kawai shi ne na ƙi yayyanka ta. Na raba ta manya-manya, na naɗe ragowar a bayan kowane allo, ƙusoshin kuma na bi da su ta can bakin ƙyallen.

Ranar da muka rataye su, ban taɓa ganin aikinmu ya yi kyau haka ba. Matan gidan suka yi ta leƙowa, wata ta ce kamar ɗakin amarya. Kawu ya tafa hannu. Rugugin ya ragu, amma kaifin tafin ya dawo mana kamar da, don bugaggiyar shadda ga sauti kusan gilashi ce. Alhaji ya sa kaset, ya karkata kai, ya matso da kujera, ya ƙara murya, sannan ya kashe.

“Ya hau bakin rijiyar,” ya ce, “amma bai fito ba.”

Hajiya ta raka mu har ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in abin ba ya yi a gaya mata gaskiya a sauke, dama yayyenta sun ce na'urar kunne za a saya masa, ita ce ta dage. Ta ba mu zuwa ƙarshen mako.

A hanya na ce wa Kawu ba Hajiya za a gaya wa ba, Alhaji za a gaya wa, tunda shaddarsa ce kuma kunnensa ne.

“Ni in tsaya gaban Alhaji Mudi in ce shaddarsa ce matsala? Mutumin da ya sayar wa mahaifina rigar aurensa?” Ya girgiza kai. “Ke ce 'yar makaranta, ke za ki je. In ya yi fushi sai in zo in ba da haƙuri in ce yarinta ce.”

Ku da kuka san ni kun san ko a aji ba na ɗaga hannu sai malami ya kira sunana. Washegari da hantsi na tafi, da guntun shadda da guntun akoko da ɗan dunƙulen audugar rimi a jaka. Na same shi a soron, na durƙusa na gaishe shi, na fara bayanin da na haddace a hanya.

“Me kika ce?”

Na sake.

“'Yar nan, da baki kike magana ko da zuciya?”

Na rasa yadda zan yi, sai na nuna masa ƙofa da hannu. Ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. A bakin gidan akwai tsohon zaure da bazatar ba ta kai kansa ba: ginin ƙasa, rufin azara, tabarmi a shimfiɗe, buhunan hatsi a kusurwa. Ya zauna a kan dakali, na zauna a ƙasa, na ce da muryata ta kullum, “Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau, ya mutan gida,” ya amsa ba tare da tunani ba. Sai ya juyo ya dube ni. “Sake faɗa.”

“Ina kwana, Baba.”

“Ashe kina da murya.”

“Kunnenka bai mutu ba, Baba. Ɗakin ne.”

Na ɗora audugar a tafin hannunsa, na tare ta da akoko na hura. Ta tashi ta manne masa a gemu. Na ɗauko ta na mayar, na tare da shaddar na hura har idona ya kawo ruwa. Ko motsi ba ta yi ba. Na ce, ina kallon tabarma, yadda iska ta kasa wucewa haka sauti yake kasawa, audugar da ke bayan shaddar zaman banza take yi. Na gama na jira faɗa.

Ya karɓi guntun shaddar ya hura da kansa. Ya sake hurawa. Sai ya fara dariya, irin ta tsofaffi da ke ƙarewa da tari.

“Ko iska ba ta wuce ta. Shekara nawa ina gaya wa mutane, su ce cika baki ne na ɗan kasuwa. Da ma da ke nake yawo a lokacin.” Ya ninke guntun ya sa a aljihu. “A sauke ta. Amma ki ji da kyau, akoko ba zai hau bangona ba. Asabe ta yi gaskiya a nan. Me kuke nema a jikin ƙyalle?”

“Wanda yake numfashi, Baba.”

Ya murza yatsunsa kamar yana taɓa wani yadi da ba na gani. Ya ce kafin shadda, mahaifinsu saƙi yake sayarwa, saƙar hannu, ba sitaci ba bugu. Ya aika cikin gida aka buɗe adaka aka ɗauko wani tsohon gwado, baƙi-baƙi da ratsin fari. Shi ya riƙe, ni na hura, audugar ta tashi. Ya ce akwai masaƙa a wani ƙauye da suke kawo wa gidansu kaya tun zamanin mahaifinsu, zai aika musu. Maganar ƙarshen mako kuwa, ya ce in bar masa Asabe.

Aiki da saƙi ba irin aiki da akoko ba ne, kuma wannan ku rubuta shi. Yana zuwa ne ƙwarya-ƙwarya, siraran tsiri da ba su wuce faɗin tafin hannu ba, sai an haɗa su baki da baki. In ka ja gefe ɗaya ya fi ɗaya, ratsin ya karkace, kuma a bango ba abin da ido yake fara gani sai karkataccen ratsi. Nakan kafa ƙusa a tsakiya, in koma ɗaya gefen, in dawo, ina ja kaɗan-kaɗan. Na yi ta kwance allo ɗaya har Kawu ya ce in na sake taɓa shi zai ɓoye guduma. Shaddar na cire ta a hankali na ninke, ba rami ko ɗaya a tsakiyarta, na kai wa Hajiya. Ta warware ta duba, ta ce za ta isa rigunan jikoki na sallah. Mai makullai ya zo sau biyu a tsakanin nan. Kawu ya ba shi kujera da ruwa, bai ba shi amsa ba.

Da muka koma ratayewa, sai muka bar 'yar tazara tsakanin kowane allo da bango, don allo ya fi shan sauti in akwai iska a bayansa. Muka tsayar da masu kauri biyu a kusurwoyi, inda sauti mai nauyi yake taruwa. Na roƙi Hajiya a shimfiɗa darduma a kan tayil, a sa labule mai nauyi a tagar gilashin. Ta ce, “Wato duk abin da yayyena suka kashe wa kuɗi sai an rufe shi.” Kawu ya ce, “Yana nan a ƙasa, Hajiya, ba inda ya je.”

Aka yi sallar la'asar. Kawu ya tafa hannu, tafin ya tsaya inda aka yi shi. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya kusa da takalmansa. Hajiya ta jingina da bango ta harɗe hannu. Alhaji ya buɗe akwatin ƙarfen, ya daɗe yana zaɓe, ya hure ƙurar wani kaset ya sa.

Aka fara jin shuuu na tsohon kaset, sannan wani ya yi gyaran murya. Sallama ya yi, ya yi bismilla, ya fara gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. A bayansa ana jin cokali yana kaɗa shayi a kofi. Ya tambayi ko an gyara katangar da ruwa ya ci, ya ce a gaya wa Mudi ya daina ba da bashi ga duk wanda ya yi masa murmushi. Ni ina jin kowace kalma. Amma ni ba ni ce mai kunnen ba, kuma fuskar Alhaji ba ta nuna komai ba. Bai karkata kai ba, bai matso ba, bai taɓa rikodar ba. Ya zauna kawai, hannayensa a kan sanda.

Hajiya ta dubi Kawu. Kawu ya dube ni, ya yi mini nuni da haɓa.

“Baba, yaya ka ji?” na ce.

Idonsa na kan rikoda. Kawu ya zura ƙafa ɗaya a takalmi.

Na matsa kusa, na tattaro duk muryar da Allah ya ba ni, irin wadda ban taɓa fitarwa ba ko a filin makaranta. “Baba, kana jin maganar kuwa?”

Bai juyo ba. Hannu kawai ya ɗaga mini.

“'Yar nan, ki yi mana shiru. Yaya yana magana.”